Takardun Junaidu

Takardu uku a kan tabarma,
a Mabera, bayan isha'i, an ɗauke wuta.
Sidi na haska su da wayarsa:
ta Alƙahira, ta Kumasi, ta Yamai.
Yana lissafin kuɗin jirgi,
ni kuwa ina neman layi ɗaya
da babu wanda ya rubuta shi.

Na ce, "Suna duka?"
Ya yi dariya. "Mu da aka daka, mun lalace?
Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."
Na kama hannunsa na dama,
na nuna masa yatsan da ba ya miƙewa
tun aji huɗu, tun rular Malam Dikko.
Na ce, "Ga tanƙwara."
Ya janye hannun, ya sa aljihu.

A nan, in an taɓa yaro,
kafin la'asar na yafa mayafi,
na je na ga malamin ido da ido.
Can fa? Wa zai ɗaga masa riga
ya duba baya?
Junaidu da ko zazzaɓi ba ya faɗi
sai na taɓa wuyansa.
In ya kira ran Juma'a ya ce, "Lafiya lau, Inna,"
da wane kunne zan ji shatin bulala?

Yaron na barci, ƙafa ɗaya a wajen gidan sauro.
Sidi ya daɗe shiru.
Can ya juya takardar Kumasi,
ya lalubo biro,
ya rubuta a bayanta, da hannun nan dai, a hankali,
abin da zai fara tambayarsu gobe.