Mai Korar Tsuntsaye

Ni ne Lado. Aikina korar tsuntsaye
daga titin da jirgi ke sauka.
Da asuba nake barin Ƙofar Durɓi,
gwangwani da tsakuwa a hannu,
in kama hanyar Daura kafin balbela ta riga ni.

Shekara huɗu da kamfani ya karɓi filin.
An ce ashirin aka rubuta,
da hatimi, da hoto ana musabaha.
Suka ba mu riga mai ɗaukar ido,
suka jera fitilu har ƙarshen kwalta,
albashi ba ya saɓa rana, kamar ladan.

Sai naira ta zame.
Kamfani ya ce da dala ya ci bashi,
da naira jirage ke biyan kuɗin sauka,
ko a ƙara, ko ya naɗe tabarmarsa.
Hukuma ta ce tun farko an yi mata sakiyar da ba ruwa,
a dawo da takarda, a sake duba sashe na tara.
Banki ya ji, ya tsuke bakin jaka.

Wata uku suna zama a bene.
Ina hango su ta gilashi,
wata rana lauyoyi sun fi fasinja yawa.
Uwani mai tuwo ta daina ba mu bashi,
ta ce littafinta ma yarjejeniya ce.
Injin yankan ciyawa ya tsaya,
babu mai sa hannu a sayo masa bel.
Ciyawa ta kai gwiwa, fara ta sauka,
bayan fara shamuwa,
bayan shamuwa shirwa.

Jiya Sallau na ɗakin awon kaya ya ce mini:
in aka tsinka igiyar nan da ƙarfi,
wa zai ƙara ɗaure akuyarsa
a garin da alkawari ke tashi da tashin kujera?
In kuma aka bi son kamfani,
tikiti zai gagari mai kai uwarsa asibiti.
Na ce, Sallau, ƙarfe nawa?

Huɗu saura kwata.
Ga ƙugin na Abuja ta gabas,
ga shamuwa bakwai a tsakiyar titi,
ba wadda ta karanta sashe na tara.
Ban san wa zai biya ni gudun yau ba.
Mutum saba'in ne a sama.
Na cire takalmi, na kaɗa gwangwani.