Littafin Bashin Likita Bellerose

Da muka dawo daga binne Baba a bayan cocin ƙauye,
na buɗe jakarsa ta fata.
Warin magani ne ya riga komai fitowa,
sai almakashi, sai zare,
sai littafin bashi da gumin hannu ya rine masa bango.

Shafin dama, lissafi:
Matar Gédéon mai injin niƙa, haihuwa, daren Laraba,
ƙwai goma sha ɗaya.
Ɗan Télesphore, karaya a cinya,
itace dami biyu, ɗaya ɗanye.
Gidan Lavoie, agana, yara huɗu.
Nan babu kuɗi.
Layi ya ja, har alƙalami ya huda takarda.

Shafin hagu, waƙa.
Ashe nan yake ajiye su,
baiti uku kan kogin da ke daskarewa har a bi shi da doki,
baiti guda kan goɗiyarsa Brunette
da ta san hanyar gida in barci ya sace shi,
dusar ƙanƙara ta yi masa furfura tun bai kai arba'in ba.

Shekara takwas ya yi a majalisar lardi, can Quebec,
da magana ɗaya a baki:
a hana majema zuba ƙazanta a ruwan da muke sha.
Ya ce rigakafi ya fi magani.
Suka ce likita ya zo mana da warin asibiti,
aka yi dariya, aka tashi cin abinci.

Zaɓe na uku, mai majemar ya buɗe gangar giya.
Baba ya faɗi da ƙuri'a goma sha tara.
Ban manta daren ba:
bai gama cire takalmi ba aka buga ƙofa,
matar mai majemar ce naƙuda ta zo wa a gicciye.
Inna ta ce, Évariste, zauna.
Ya ce, miƙo min fitila.

Ga shi a dama: Tagwaye, duka da rai. An biya cif.
A hagu kuwa rabin baiti ne,
bai ƙarasa ba.

Jiya da tsakar dare wani ya buga ƙofa,
daga ƙetaren kogi, labari bai kai musu ba.
Kafin in sami bakin faɗa masa,
na ji Brunette a barga
tana buga ƙafa, tana jiran linzami.