Wuƙar Lemu

A tashar Aboabo nake fere lemu,
shekara goma sha ɗaya, gindin falwaya guda.
Wuƙata 'yar naɗewa ce, tsawon yatsa da rabi,
ƙotarta ƙahon rago, gumi ya rina shi ja,
ƙusa uku na tagulla, ta tsakiya tana girgiɗi.
Kakana Ɗan'azumi ya ƙera ta a Suame
da karyayyen sifirin na wata motar goro.

Ran Laraba baƙar mota ta tsaya,
sanyi yana tsiyayowa ta taga.
Mutumin ya ce lemu biyu, bai ko dubi lemun ba.
Idonsa na kan hannuna,
yadda ɓawo ke sauka zare guda, bai tsinke ba.
Ya ce, ko zan gani?
Sai da ya goge tafinsa kafin ya karɓa.
Ya buɗe, ya rufe, ya kai ta kunne. Ƙas!
Ya lumshe ido kamar mai kurɓar romo.

Lauya Boakye, in ji shi, daga Nhyiaeso.
Sidi dubu biyu.
Na yi dariya har faranti ya karkata.
Dubu huɗu.
Na ce, Lauya, da sidi ashirin a Kejetia
sai ka zaɓa ka darje, har a ba ka leda.

Ya miƙo mini waya.
Wuƙaƙe sittin da uku cikin gilashi,
kwance bisa jan karammiski,
kowace da 'yar takarda a ƙafarta
kamar jarirai a asibiti.
Ya nuna wata: kuɗin wannan ya isa tasi.
Na ce, me suke yankawa?
Ya ce, ba sa yanka.
To me suke yi?
Ya ce, nakan shafa musu mai ran Lahadi.

Dubu tara.

Nan dariya ta maƙale mini a wuya.
Yanar idon Inna, likitan Gee ya ce dubu shida.
Mai gida yana son hayar shekara biyu a dunƙule.
Na ce ya dawo jibi.

Da dare na sa ta a hannun Inna.
Ta laluba ƙotar, ta bi bakin da farce,
na ɗauka kuka za ta yi.
Ta ce, ke Barira, kakanki maƙeri ne, ba mai gadi ba.
Ɗari nawa ya ƙera, duk ya sayar ya ci tuwo.
Wannan ma kwantai ta yi,
bakinta ya ɗan karkace, ba wanda ya taya.

Da na gaya wa Lauya karkacewar,
sai ya ƙara ɗari biyar.
Ya ce kada in wanke, kada in wasa,
tsamin lemun ma yana so.
Ya naɗe ta a farin ƙyalle,
na kau da kai, na yi kamar ina neman canji.

Yanzu wata 'yar Sin nake riƙewa, ƙotar roba.
Sau uku ɓawo ke tsinkewa a lemu ɗaya.
Kantar babban yatsana tana neman gurbinta
ta tarar da santsi.
Inna tana zura zare a allura da kanta.
Ranar da aka buɗe mata ido ta zo tasha,
ta dube ni, ta dubi faranti,
ta ce, ashe haka firarki take da muni?

Jiya direbansa ya kawo mini hoto.
Ga ta nan, ta sittin da huɗu,
an buɗe ta rabi, fitila na haska ƙahon.
A takardar an rubuta: ba a san maƙeri ba.

Na fere masa lemu, na ce,
koma ka ce Ɗan'azumi.
Wannan kyauta ne, ba ya cikin ciniki.