Mai Guga a Geneva

Ƙarfe biyar na asuba, tafkin bai farka ba,
Odile Perrenoud ta kunna dutsen guga.
Shekara talatin da ɗaya ke nan
tana miƙar da koren ƙyallen teburin
da ƙasashe ke kafa gwiwar hannu a kansa.

Jiya wani farfesa ya tsaya a zauren sama
ya ce tarihi tsani ne:
daga takobi zuwa takarda,
daga takarda zuwa amana,
kowane ƙarni da matakin da yake takawa.
Aka yi ta tafi.
Ita tana bakin ƙofa, rungume da kwandon wanki.

Ta so ta ce, Malam, sauko ka ga tsaninka.
Ga tabon gahawa na shekarar da aka rantse
ba za a ƙara ba.
Ga na shekarar da aka ƙara.
Ga inda wani jakada ya huda ƙyallen da alƙalami
sa'ad da aka kwana uku ana ja-in-ja kan waƙafi ɗaya,
can gida kuwa ana ta haƙa kaburbura
babu waƙafi.

Mirsada ce ke naɗe tawul a gefenta,
wadda ta iso garin nan da jaka ɗaya
da tari mai ƙaurin hayaƙi.
Ba ta ɗago kai ba ta ce:
Waƙafin nan da kike rainawa,
ranar da suka yarda da irinsa
bindiga ta yi shiru awa shida.
A cikin shidan uwata ta ɗebo ruwa,
ni na haye gada da yaro a kafaɗa.
Yanzu shi ke tuƙa motar da ta kawo ki aiki.

Odile ta yayyafa ruwa. Tururi ya tashi.
Ƙyalle ba ya koyon miƙewa,
abin da ta sani ke nan;
ka goge shi yau, gobe ya dawo da fushinsa.
Ko hawa ake yi, ko zagaye
kamar jakin da aka ɗaure a turke,
ba ta da allon da za ta zana.

Ta shimfiɗa shi, ta juya hujin wajen bango.
Sannan ta ƙirga kujeru, don sabo.
Goma sha huɗu.
Jiya sha uku ne.
Wanda ya buga ƙofa ya fita ran Talata,
ashe, ya aiko a ajiye masa wuri.