Tuƙa

Dalva ta fita tun asuba
a gefen Piracicaba,
inda rake ya fi mutum tsawo,
ya kuma fi shi haƙuri:
a sare shi bana, baɗi ya tofo.

Ruwansa, in an tace,
shi ke tura motar Benedito kasuwa.
Tuƙar da kakanta ke zubarwa a juji
yau wuta take ci a masana'anta,
ta haska ɗakin haihuwa.
Tokar ma gona take komawa.

Da yamma, bakin ƙofa,
tafin hannu duk kanta,
ta ɓare gaɓa ɗaya ta tauna.
Ta dubi abin da ta tofar, ta murmusa:
"Ke ma kin samu albashi.
Ni ce dai har yau ake bi bashi."