Ƙusar da Ta Ƙi Karyewa

Asubahin Talata, tafkin Jabi ya kwanta luf,
fitilun benaye na wanka a cikinsa.
Na ja igiya sau uku,
inji ya yi tari, ya yi kaki, ya kama.
Ɗana Mati a goshin jirgi, rungume da kalli,
ni a baya, hannu bisa totur.

Rigunan ruwa biyu ƙungiya ta ba mu bara.
Ɗaya na naɗe, ita ce kujerata,
ɗaya tana Ɗaki Biyu, kaza na kwanci a kai.
Ni da aka binne wa cibiya a Yawuri,
wane ɗan birni zai koya mini ruwa?

Filafili ma na bar shi a gindin mangwaro.
Tun da na sayi inji mai ƙarfin doki sha biyar
kafaɗuna suka yi murabus.

Karfasa na wasa can tsallake,
na murɗa totur har ƙarshe.
Ruwan damina ya rufe duk wata alama,
inda jiya tudu ne, yau shimfiɗa.

Sai ƙwam!

Ban ga kome ba.
Kututture ne, ko kankare mai haƙoran rodi
da wani magini ya zubar da dare,
har yau ruwa bai faɗa mini ba.
Ƙafar inji ta yi sama kamar an hankaɗe akuya,
jirgi ya karkata, ya kurɓi ruwa,
bokitin koto ya tafi abinsa.

Na sake jan igiya. Inji na ihu,
farfela ko gezau.

A lokacin hadari ya leƙo ta kan Katamfe,
baƙi, mai saurin ƙafa.
Na dubi Mati.
Yaron nan a asibitin Gwarimpa aka haife shi,
iyonsa bai wuce na bakin gaɓa ba,
kuma ni ne ban taɓa tambaya ba.

Na zaro rigar daga ƙarƙashina,
ta lanƙwashe da siffar zamana,
maɗauri ɗaya ɓera ya ci.
Na ɗaure shi da igiyar anga,
hannuna na rawa, ina ce masa sanyi ne.

Shi da yankakkiyar jarka yana kwarfa,
ni da katakon da na ɓamɓaro daga daɓe.
Tafkin da nake kira kwano
ya yi faɗin da ban san shi da shi ba.
Kiran sallar Azahar ya same mu
muna jan jirgi cikin taɓo.

Washegari Ishaku makaniki ya buɗe giya,
ya zazzage haƙoranta a tafin hannu
kamar tsakin masara.
Ya ɗaga wata ƙusa, miƙaƙƙiya sambal.
Ya ce, wa ya sa wannan?

Ni ne.
Ta asali tagulla ce, mai laushi,
sau biyu tana karye mini a wata guda,
na gaji, na dunƙara ta kafinta, 'yar inci huɗu.

Ya ce, Barau, ai aikinta ke nan.
An yi ta ne ta karye
don giya ta tsira.
Taka ta yi taurin kai,
sai duka ya wuce ciki.

Dubu tamanin, in ji shi, ban da kuɗin hannu.

Yanzu inji na rataye a shagonsa, kai ƙasa.
Na kori kaza, na wanke riga.
Da la'asar nakan kai Mati inda ruwa ya kai ƙirji,
in tallafi cikinsa, ya yi ta bugu.
Jiya na janye hannu bai sani ba,
ya yi taku bakwai, ya juyo yana nemana.