Kujerar Torquil

Ranar Alhamis, in Morven ta rufe shagon kifinta,
mukan haɗa tebur biyu a ɗakin baya
inda ƙaurin mai ya kama labule
tun kafin a haifi jikata.
A waje ruwan Dundee yana zuba,
irin wanda ba ya sauri, ba ya kuma gajiya.

Shekara talatin da takwas ana nuna Fitilar Gefen Sama.
Na fara kallo da jariri a cinya,
yau jaririn nan furfura ta fara leƙo gemunsa.
An sauya kyaftin sau biyar.
An sauya launin jirgi,
an sauya kiɗan buɗewa, har muka rubuta wasiƙa,
ko ci kanku ba a ce mana ba.
Tobrek kaɗai, mutumin ƙarfen nan mai ido ɗaya,
yana nan yana goge gilashin fitila
kamar babu ruwansa da kowa.

A kansa rigimar take.
Kashi na ɗari biyu da sha biyu,
Velna ta tambaye shi:
duniyarmu da muka baro, har yanzu tana aiko saƙo?
Ya yi jim. Sannan ya ce, tana aikowa.

Wannan jim ɗin
shi Torquil ya riƙe shekara talatin.
Ƙarya ya yi mata, in ji shi,
yana buga tebur da hannun nan mai yatsa huɗu,
na biyar ɗin masaƙar algarara ta cinye.
Alasdair, tsohon malamin lissafi, sai ya cire tabarau:
Inji ba ya ƙarya, malam.
Ɗan wasan ne ya manta abin faɗa.
Suka sa caca, fam biyar,
tun fam biyar tana sayen kifi da dankali na mutum biyu.

Effie, autarmu, a waya take kallo, tana tsallake wurare.
Ta ce sabuwar kyaftin ta fi duk na baya.
Muka yi mata ca.
Ni ma na yi, alhali a zuci na yarda da ita.

Torquil ya rasu a watan Janairu,
saura kashi bakwai a gama.
Ba mu ɗauke kujerarsa ba.
Morven takan zuba masa shayi don sabo,
sai ya huce ta tuna.

Daren ƙarshe muka kashe wuta.
Velna ta tsufa, tana dogara sanda,
ta sauka ɗakin da ba a taɓa nuna mana ba,
ta tarar da Tobrek a duƙe kan wata tsohuwar na'ura
yana buga saƙon da hannunsa,
harafi bayan harafi,
da sunan mutanen da suka daɗe da zama toka.
Ba ta ce komai ba.
Ta ja kujera, ta zauna kusa da shi.

Sunaye suka hau gilashi suna wucewa.
Firjin Morven kaɗai ke magana.
Na ji Effie tana jan hanci.

Alasdair ya daɗe yana laluben aljihu.
Ya fito da takardar fam biyar, tsohuwa,
irin wadda banki ma ya daina karɓa,
a ninke huɗu, gefenta ya yi laushi kamar tsumma.
Ya ɗaga kofin da ya huce, ya sa ta a ƙasa.
Ya dubi kujerar.

Ka ci, ya ce.
Amma har gobe ina nan kan bakata,
a wancan karon mantuwa ɗan wasan ya yi,
marubutan ne suka zo daga baya suka rufa masa asiri.

Muka jira a buga tebur.

Can sai Effie ta ɗaga hannu ta buga,
har shayi ya fantsama,
ta ce, Ba haka ba ne, tsaya ka ji.